Darasi na 14: Zaɓen Dodon Koɗi don Tsaftace Tankin Ruwan Gishiri

Duk wanda ya kafa tankin gilashi na kifin teku, a gida ne ko a otal ko a ofis, ba zai yi wata biyu ba sai ya ga wani abu ruwan ƙasa-ƙasa ya fara lulluɓe gilashi da yashi, can kuma kore ya biyo bayansa. Wannan ita ce gansakuka, kuma haske da sinadaran da ke narke a cikin ruwa su ne suke raya ta. Maganin da masu sayar da kayan tanki suka fi bayarwa shi ne a zuba dodannin koɗi na teku su cinye ta. Dabarar ta daɗe. A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a birnin Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajin da ya yi da kifaye biyu da wata ciyawar ruwa a cikin tanki. Da tsofaffin ganye suka fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya saka dodannin koɗi na kududdufi, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe. Gwajinsa na ruwan daɗi ne, amma ba da jimawa ba aka kai dabarar tankunan ruwan teku, har yau kuma ana kanta. Abin da wannan darasi yake son ya kafa hujja a kansa shi ne dodon koɗi dabba ce ta kiwo, da cimarta da wurin zamanta da zafin ruwan da ta saba da shi. Saboda haka tambayar farko wajen zaɓe ita ce: wane iri ne wannan tanki zai iya riƙewa, ya ciyar da shi shekara da shekaru? Wanda ya amsa wannan tambaya daidai zai samu tsaftar da yake nema. Wanda kuwa ya fara da lissafin yawan dattin da yake son ya rabu da shi, yawanci da kwansuna fanko yake ƙarewa.

Sai mun fahimci aikin da dodon koɗi yake yi kafin mu yi maganar ire-irensa. A cikin bakinsa akwai wani siririn harshe mai ɗauke da layi-layi na ƙananan haƙora, da shi yake kankare abin da ya manne a jikin dutse ko gilashi. Idan mutum ya tsura ido a kan wanda ya manne a gilashin gaba, zai ga bakin yana buɗewa yana rufewa, harshen yana leƙowa yana komawa, a bayansa kuma ga wata siririyar hanya fes a tsakiyar koren. Ƙirar haƙoran nan ta bambanta daga iri zuwa iri, ita ce kuma take yanke abin da kowanne zai iya ci. Akwai mai kankarar siririyar gansakuka, akwai mai tsinkar doguwa mai kama da gashi, akwai kuma wanda nama kawai yake ci. Sannan ga wani batu da ake yawan tsallakewa: abin da dodon koɗi ya ci yana nan cikin tanki. Akuyar da aka ɗaure a tsakar gida za ta cinye ciyawar da ta tsiro, amma kashinta a tsakar gidan zai zuba, shi ne kuma takin ciyawar da za ta sake fitowa. Haka sinadaran naitiret da fosfet, waɗanda gansakuka ke rayuwa a kansu, suke komawa cikin ruwa bayan an cinye ta. Masu rage su a tanki su ne sauya ruwa a kai a kai, da na'urar tace ruwa, da rage abincin da ake zuba wa kifi. Amfanin dodon koɗi shi ne yana ɓamɓaro abin da ya manne, ya mayar da shi gari-gari yadda na'ura ko tiyon zuƙe datti za su iya kwashewa, kuma yana hana gansakuka samun gindin zama a kan murjani.

A cikin masu kiwo a kan dutse da gilashi, irin da ake kira Trochus ne ya fi cancanta a fara da shi. Kwansonsa mai faɗin gindi ne da tsini a sama, asalinsa daga ruwan ɗumi na tekun Indiya da na Fasifik, inda zafin ruwa ya yi daidai da na tankin murjani. Yana cin ƙurar nan mai ruwan ƙasa da siririyar koriyar gansakuka, yakan hayayyafa a cikin tanki, kuma idan ya faɗo ya kife yana iya miƙa ƙafarsa ya kama wani abu ya juyo da kansa. Wannan na ƙarshe kamar ƙaramin abu ne, sai an kwatanta shi da Astraea, wanda ake kamowa daga Fulorida da tekun Karibiyan. Su biyun sun yi kama ƙwarai a ido, cimarsu ma kusan ɗaya ce. Amma Astraea ya saba da wurin da ko'ina dutse ne. Idan ya suɓuce daga gilashi ya faɗa rigingine a kan lallausan yashi, sai ka ga yana ta miƙo ƙafa yana lalube, ƙwayoyin yashi suna zamewa, ba abin kamawa. Haka zai kwana, in ba a sa hannu an juya shi ba ya mutu ko ƙaguwa ta cinye shi. Mai tankin da ba ya duba shi kullum bai kamata ya sayi Astraea ba, komai arharsa. Na uku shi ne babban Turbo da ake kawowa daga mashigin tekun Kalifoniya a ƙasar Meziko. Ba shi da na biyu wajen cin doguwar gansakuka, sai dai ƙato ne mai ƙarfi, yana ture duk wani ƙaramin murjani ko dutsen da ba a liƙe da kyau ba, kuma cinsa ya fi ƙarfin ƙaramin tanki. Ɗaya ya isa tanki matsakaici, shi ma sai in doguwar gansakukar tana nan da gaske.

Yashi kuma da nasa ma'aikata. Cerith mai siririn dogon kwanso ne, yana wuni a binne ko a lungu, da dare ya fito ya bi saman yashi da ƙasan gilashi da ramukan dutse da manya ba sa iya shiga. Ba ya ture komai, ba ya cin murjani, kuma cimarsa ta haɗa da gansakuka da guntattakin datti, shi ya sa yunwa ba ta saurin kashe shi. Nassarius dabam yake da duk waɗanda muka ambata, kuma a kansa ne aka fi yin kuskure. Ba ya cin gansakuka ko kaɗan. Mushe yake ci da ragowar abincin kifi. Yana kwance a ƙarƙashin yashi, ba abin da ake gani sai wani ɗan siririn bututu da ya miƙo sama yana shinshinar ruwa. Da an jefa guntun jatan lande, kafin ƙiftawa da bismillah yashi ya fara motsi nan da can, su ɓullo su nufi wurin da saurin da ba a saba gani ga dodon koɗi ba. Wannan shiga da fita tana motsa saman yashi, tana hana shi dunƙulewa. To amma wanda ya sayi Nassarius 20 domin gilashinsa ya yi kore ya yi asarar kuɗinsa, su kuma ya jefa su cikin yunwa, musamman in kifayen tankin kaɗan ne. Akwai kuma manyan masu kiwon yashi na dangin Strombus, masu dogon baki da idanu a kan tsinke, waɗanda suke tafiya da tsalle-tsalle. Ƙaramin irinsu na Fulorida yana aiki sosai in akwai filin yashi mai faɗi. Babban ɗan'uwansa na Karibiyan, wanda kan kai kusan santimita 30, bai dace da tankin gida ba, kuma tun 1992 yana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinsu ido tsakanin ƙasashe. Nerita shi kuma mazaunin bakin gaɓa ne, ya saba ruwa ya janye ya bar shi a kan dutse, don haka yakan haura ya fice daga tankin da ba shi da murfi.

Bayan cima, abin dubawa na biyu shi ne daga wane ruwa dabbar ta fito. Tankin murjani ana riƙe shi ne a zafin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Akwai wasu baƙaƙen dodannin koɗi masu zagayayyen kwanso da ake sayarwa da sunan Margarita, masu arha, masu cin gansakuka da himma. Daga gaɓar yammacin Amurka ta Arewa ake ɗebo su, inda ruwa yake da sanyi. A can ɗaya daga cikin ire-irensu, Tegula funebralis, yakan haura shekara 20 a raye. A cikin ruwa mai ɗumi jikinsu yana ƙona abinci da saurin da ba a halicce shi da shi ba, sai su yi 'yan watanni su mutu ɗaya bayan ɗaya, mai tanki yana ta neman cutar da babu ita. Turbo na Meziko ma ya fi jin daɗin ruwan da bai kai na tankin murjani ɗumi ba. Wannan batu ya fi nauyi ga wanda zai riƙe tanki a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma tana iya ɗaukewa na'urar sanyaya ruwa ta tsaya. A irin wannan wuri ire-iren ruwan ɗumi kaɗai ne suke da damar rayuwa, su ma sai da injin ko batirin ko-ta-kwana. Kada kuma wani ya ce bari ya huta da tsada ya ɗebo na kududdufi ko na madatsar ruwa. Na ruwan daɗi ba sa rayuwa a ruwan teku, ga shi wasunsu, irin su Bulinus, su ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya.

Akwai iri ɗaya da mai karatu ya riga ya san kwansonsa, ko da bai taɓa ganin teku ba, wato wuri. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa kwanson wani dodon koɗi ne na tekun Indiya, mafi yawansa daga tsibiran Maldibis, daga baya kuma aka riƙa kawo wani ɗan'uwansa daga gaɓar Zanzibar. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri wajen 2,500. Waɗannan ƙananan ire-iren guda biyu, Monetaria moneta da Monetaria annulus, ana kiwonsu yau a tanki, kuma suna cin gansakuka da dare, naman jikinsu ya bazu ya lulluɓe kwanson, abin da ya sa kullum yake sheƙi. Amma dangi ba ya ba da tabbacin hali. Babban wuri mai ɗigo-ɗigo, Cypraea tigris, yakan taɓa soson teku da lallausan murjani. Haka nan akwai maharba masu kama da Nassarius da suke cin sauran dodannin koɗi, akwai Drupella mai cin naman murjani, akwai kuma dangin Conus masu kwanso mai kyan zane da kibiyar dafi, waɗanda ɗaya daga cikinsu, Conus geographus, ya kashe mutane. Irin waɗannan sukan shigo a ɓoye cikin duwatsun da aka kawo daga teku. Duk wanda ba a san sunansa ba, a ɗauke shi da matsefata ko cokali, a ware shi a wani mazubi har a gane ko wane ne.

Yanzu sai maganar yawa, inda za a fi yi mana gardama. Ƙa'idar da ta yaɗu a wajen masu sayarwa ita ce dodon koɗi ɗaya ga kowace galan ta Amurka, wato kimanin lita 3.8. Bisa wannan lissafi tanki mai lita 200 zai ɗauki fiye da 50. Mai kare ƙa'idar zai ce ai an gwada an gani: a zuba 50 yau, cikin mako guda tanki ya yi tas. Gaskiya ne yana yin tas, kuma nan ne matsalar take. Gansakuka a jikin dutse da gilashi take tsirowa, gwargwadon faɗinsu da ƙarfin fitila da yawan sinadaran ruwa, ba ruwanta da yawan lita. Tankuna biyu masu girma ɗaya, ɗaya zai iya ciyar da 15, ɗayan ko 5 su yi masa yawa. Ƙari a kan haka, ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke tayar wa sabon mai tanki hankali wasu ƙananan halittu ne masu gina jikinsu da sinadarin silika da ke fitowa daga sabon yashi da ruwa. Idan silikar ta ragu sukan ja baya da kansu. Wanda ya sayi runduna guda domin abin da zai wuce cikin makonni, ya ɗauki baƙin da ba zai iya ciyarwa ba a wata na uku. Yunwar dodon koɗi kuwa ba ta da hayaniya. Yakan rage tafiya, riƙonsa a gilashi ya yi sako-sako, ya riƙa faɗowa, har ran da za a tsinci kwanson. Abin da hankali zai ɗauka ga tanki mai lita 200 da ya daɗe da kafuwa shi ne a fara da kamar Trochus 5, Cerith 5, Nassarius 2 ko 3, a jira wata guda a ga wanda ya rinjayi wani tsakaninsu da gansakuka. Ƙari ba shi da wuya, ana iya yinsa kowace rana. In kuwa tanki ya yi tas har ba abin kankara, sai a ɗaure musu busasshen ganyen teku a jikin dutse.

Wani kuma zai ce ina abin damuwa, tunda suna da arha, in sun mutu a sayo wasu? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko a cikin tankin take. Babban dodon koɗi da ya mutu a bayan dutse yana ruɓewa da sauri, ya saki amoniya mai guba ga kifi, daga baya ta zama naitiret, wato abincin gansakukar da aka saye shi domin ta. Mutuwa ɗaya ta jawo kore, kore ya jawo sabon saye, haka za a yi ta zagaye. Fuska ta biyu a teku take, domin mafi yawan waɗannan dabbobi kamo su ake yi. Wani bincike da Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar PLoS ONE a 2009 ya nuna cewa a jihar Fulorida kaɗai an ɗebo ƙananan dabbobin teku marasa ƙashin baya kusan miliyan 9 a shekarar 2007 domin cinikin tanki, kuma wajen miliyan 6 daga cikinsu masu kiwon gansakuka ne. Aikin da ake sayen su su yi a gilashi, shi suke yi a tekun da aka ɗebo su. An kuma riga an ga abin da ke faruwa idan masu kiwo suka ɓace: a 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar teku mai suna Diadema a Karibiyan, gansakuka ta mamaye wurare da yawa da murjani yake, musamman a Jamaika. Ba a ce cinikin tanki zai haifar da irin wannan shi kaɗai ba. Amma sayen 50 domin 40 su mutu almubazzaranci ne, kuma wannan wani dalili ne na fifita Trochus, wanda ake iya haifa a gonakin ruwa.

Gardama ta uku daga ɗaya ɓangaren take zuwa, kuma ta fi sauran ƙarfi. Tunda ba sa fitar da datti, ga saurin mutuwa, me zai hana a bar su gaba ɗaya, a riƙa goge gilashi da hannu? A tankin da kifi ne zalla a ciki, wannan magana daidai ce. Idan akwai kifayen da cimarsu ke nan, kamar talibambam na teku da sauran masu haƙoran fasa kwanso, saka dodon koɗi ciyar da su ne kawai. Amma a tankin murjani hannu gilashi kaɗai yake kaiwa. Ramuka da ƙarƙashin duwatsu da gindin murjani, inda gansakuka ke fara kafa sansani, sai mai bin su dare da rana yana cin tsiron tun bai kai a gani ba. A nan ne suke biyan kuɗinsu. Sai dai a san iyakarsu. Wata jar majina da ke shimfiɗa a kan yashi bakteriya ce, kaɗan ne suke taɓa ta. Wani yauƙi mai ruwan ƙasa da 'yan kumfa a jikinsa kuma yakan ƙunshi guba, har ya kashe waɗanda suka ci shi. Doguwar gansakuka ma in ta yi tsawo sai an fizge ta da hannu kafin su iya cin gindinta. Duk waɗannan gyaran ruwa da haske suke nema.

Zaɓe mai kyau yana iya lalacewa a ranar farko. Dodon koɗi ba ya jure sauyin gishiri na farat ɗaya yadda kifi yake jurewa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, shaguna da yawa kuma suna riƙe nasu ƙasa da haka. Don haka a ɗora ledar da aka kawo su a ciki a kan ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, sannan a riƙa ɗiga ruwan tanki a ciki kaɗan-kaɗan na kamar awa guda, a ajiye kowanne da ƙafarsa a kan dutse. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, ruwa yana saurin tashi ya bar gishiri, sai a riƙa cikawa kullum da tataccen ruwan daɗi. Jan ƙarfe guba ne a gare su ko da ɗan ƙanƙani ne, yana kuma cikin wasu magungunan kifi, duwatsu da yashi su shanye shi su riƙa saki a hankali, saboda haka a bincika tarihin duk tankin da aka saya na hannu. Kwanso da kalsiyam ake gina shi, ana son ya kasance wajen miligiram 400 zuwa 450 a lita. Ƙaguwa mai zama a kwanson aro, wadda ake yawan haɗa su a sayar tare, takan kashe dodon koɗi ta gaje gidansa, musamman Cerith, don haka a rage yawanta, a kuma watsa mata kwansuna fanko.

Kafin darasi na gaba, duk mai tankin da yake kula da shi ya haska tocila a ciki awa biyu bayan an kashe fitila, ya rubuta wace irin gansakuka ya gani, a kan gilashi take ko dutse ko yashi, da zafin ruwan a tsakiyar rana da kuma da asuba. Da wannan takarda zai je shago, kuma kada ya karɓi dodon koɗin da mai shago bai iya faɗa masa sunansa da tekun da ya fito ba.